Yadda ake gano maimaici a cikin jerin bayanai a PHP

Yaran da nake koya wa PHP, harshen gina shafukan intanet, a nan Jos kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe. Yaro zai haɗa shafin rajista, ya tara lambobin mutane a cikin jeri, wato array, ya rubuta in_array($lamba, $jeri) don duba ko lambar ta riga ta shiga jerin, ya miƙe wai ya gama.

Fara da tsabtace abin da aka shigar. Mutum ya rubuta imel ɗinsa da babban baƙi yau, gobe da ƙarami, wani kuma wayarsa ta ƙara masa fili a ƙarshe bai sani ba. Ka bi da shi ta trim(), mai cire filin gefe, da strtolower(), mai mayar da baƙaƙe ƙanana, kafin adanawa, haka ma kafin kwatantawa.

Ga inda ni kaina na sha wuya. Idan ba ka sa true a gurbi na uku na in_array ba, kwatancen sako-sako take yi: rubutu biyu in sun yi kama da lamba, sai ta ɗauke su lamba. A wurinta "007" da "7" duk ɗaya ne, haka "1e3" da "1000". Na taɓa haɗa wa wata Islamiyya a Unguwar Rogo shafin rajistar ɗalibai, shafin ya ƙi karɓar yarinya mai lamba 012, wai an riga an shigar da ita, alhali mai lamba 12 ce a ciki. Kwana biyu ina zargin MySQL, rumbun da ke adana bayanan shafin, ashe laifina ne. PHP 8 da ta fito a 2020 ta gyara wasu kwatance irin wannan, amma wannan yana nan daram. Saboda haka kullum in_array($lamba, $jeri, true). Sai dai true ɗin ma tana da sharaɗi: fom rubutu yake turowa, json_decode kuma, mai karanta bayanan da aka turo a tsarin JSON, tana iya dawo maka da lamba zalla, "12" da 12 ba za su haɗu ba. Mayar da komai rubutu da strval tukuna.

In jerin ya kai dubbai, daina in_array, ɗaya bayan ɗaya take dubawa, kuma sabar araha da yawancinmu ke haya ba ta da wannan ƙarfin. Mai da ƙimar ta zama mabuɗin jerin, wato key, ka tambaya da isset, mai duba ko mabuɗin yana nan.

Tsohon jeri da ya riga ya cakuɗe kuwa, array_count_values za ta nuna maka wanda ya wuce sau ɗaya. Ka share da array_unique, ka biyo da array_values don lambobin gurbi su daidaita. A teburin MySQL kuma sa UNIQUE, dokar da ke hana maimaici shiga, ka kama kuskure mai lamba 1062 da yake bayarwa in an maimaita, don mutum biyu na iya danna maɓalli lokaci guda.