Babi na 6: Farfaɗiya da Minti Biyar

Darasi na 1: Duba agogo

'Yan uwa, idan mutum ya faɗi yana jijjiga, ko a gida ne a Agege ko a tsakiyar kasuwar Mile 12, abu na farko shi ne ku ciro waya ku duba lokaci. Lambar da ke hagun ɗigo biyu awa ce, ta dama minti ce. Ta dama za ku bi. Ku faɗi lokacin da ƙarfi don na kusa ya riƙe.

Abin da kuke son sani shi ne ko jijjigar ta kai minti biyar. Idan waya ta nuna 4:10, minti biyar zai cika a 4:15. Wannan mai sauƙi ne. Inda ake tuntuɓe shi ne 4:57. Babu 4:62 a agogo, domin minti 60 ne awa guda. Ku ƙirga da yatsu: 58, 59, sai 5:00, 5:01, 5:02. A 5:02 ke nan. Wanda bai gane ba ya sake, ba abin kunya ba ne. Hajiya, ki sake. Malam, ka gwada 9:58.

Me ya sa biyar? Yawancin jijjiga tana tsayawa da kanta cikin minti 2 ko 3. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin. Idan jijjiga ta daɗe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aiki fiye da kima, sai dattin sinadarai masu lahani ya taru fiye da abin da jiki zai iya sharewa, ya riƙa cin ƙwayoyin kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi a bakin teku. Don haka idan an kai minti biyar bai lafa ba, ku kira lambar gaggawa ta 112 ko 767, ko ku ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa. Da cunkoson Legas, kada ku ƙara ko minti ɗaya kuna shawara. Ba a ƙiyasta lokaci da ka, a firgice minti ɗaya sai ya zama kamar goma. A duba waya.

Darasi na 2: Hannuwanku

Kun duba agogo? To ku janye murhu, kwalba da benci daga kusa da shi. Ku naɗe zane ko riga ku sa ƙarƙashin kansa, ku sassauta wuyan riga. Kada ku danne shi. Da jijjiga ta lafa, ku juya shi ya kwanta ta gefe don yawu ya zubo. Ku sake duba agogo.

Maganar sa cokali a baki kuwa, har yaushe za a yi ta maimaitawa? Mutum ba ya haɗiye harshensa. Cokali haƙori yake karyawa, ruwa da manja kuma huhu suke shiga. Kada a sa komai a baki, kada a kai ƙafarsa wuta. Kuma ku daina gudu, yawunsa ba ya sa wa kowa farfaɗiya.

Darasi na 3: Ƙwayoyin nano

Ku ɗauki rula. Tsakanin ƙananan layuka biyu milimita ɗaya ne. A raba shi gida miliyan, kaso ɗaya shi ne nanomita. Masana suna ƙera ƙwayoyin da ba su wuce nanomita 100 ba, wasu da sinadarin siriyom, don su kama wancan dattin sinadaran da ke cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kafin ya yi ɓarna. Har yanzu a ɗakin gwaji ake, a kan dabbobi irin su ɓeraye. Wanda ya tallata muku su a cikin mota ko a kemis, kada ku saya.

Darasi na 4: Magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja. A sha kullum a kan lokaci, kada a daina sai likita ya ce.

Aikin gida: jijjiga ta fara 11:56. Rubuta lokacin da za a kira 112.