Yadda ake tono tarihin maganaɗisun duniya daga cikin taɓo

Kamfas ɗin nan da kake duba alƙibla da shi in ka sauka baƙon gari, da a ce shekara 800,000 baya ka riƙe shi, wallahi kudu zai nuna maka ya ce arewa ce. Maganaɗisun duniya ya sha juyawa, na ƙarshe wajen shekara 780,000 ke nan, kuma shaidar tana kwance cikin taɓon ƙasan teku da tafkuna. Ga dai yadda masu binciken suke bi su karanta ta.

Farko ka nemi ruwan da ba a dama ƙasansa, teku mai zurfi ko tafki mai kwanciya. Dalili kuwa, cikin ƙurar da ke sauka ƙasa akwai mitsi-mitsin ƙwayoyin tama da ake ce wa magnetayit, kowacce tana nitsewa tana juyawa kamar allurar kamfas har ta kwanta ta fuskanci inda maganaɗisun yake a lokacin, sai wata lakar ta zo ta danne ta, shi ke nan ta kulle. Kogi kam manta da shi, ambaliya ɗaya ta isa ta hargitsa komai.

Sai haƙa. Bututu ake cusawa a zaro lakar a tsaye. Jirgin ruwan bincike na JOIDES Resolution da ya yi shekaru yana wannan aikin har zuwa 2024, a lokacinsa yakan zaro mita 9.5 a zubi ɗaya, a yanka mita ɗaya da rabi-rabi, a tsaga kowanne gida biyu ta tsawo, rabi na aiki rabi na ajiya. Nan fa ake yin asara, don in ba ka sa alamar sama da ƙasa da kibiyar fuska ba, to taɓo kawai ka kwaso, ba abin da zai gaya maka.

Daga nan a danna ƙananan akwatunan roba masu faɗin santimita 2 cikin lakar, a jere daga sama zuwa ƙasa, kowanne da kibiyarsa. Ƙarfe ban da shi.

Yanzu sai wanki, kuma ni a ganina shi ne gundarin aikin. Lakar ta kwaso maganaɗisun banza a hanya, daga ƙarfen haƙa da kuma zaman da ta yi a sito, in ka auna ta haka ƙarya za ta sharara maka. Don haka ake sa samfurin cikin wata na'ura mai kaɗa maganaɗisu gaba da baya, a fara da kaɗan, a auna, a ƙara, a sake aunawa, haka dai har na banzan ya zube na asalin ya tsaya bai ƙara motsi ba. Na'urar awon SQUID ake ce mata, sai an sanyaya ta zuwa wajen digiri 269 ƙasa da sifili take aiki, saboda abin da ake nema ɗin rauni gare shi sosai.

To me za ka duba? Karkata, wato ko maganaɗisun lakar ya sunkuya ƙasa ko ya ɗaga sama. A arewacin duniya maganaɗisun yau ƙasa yake nunawa, in ka gangara cikin lakar ka ga ya koma yana nuna sama, ka iso juyi. Amma kusa da tsakiyar duniya, har da nan yankinmu, allurar kusan a kwance take, dole ka dogara da fuskar arewa da kudu, ka ga amfanin kibiyar can da na ce kar a manta.

Saura gano shekarun lakar. Awon kabon 14, hanyar gano shekarun ragowar abu mai rai, ba ya wuce wajen shekara 50,000, ya dai isa ya kama Laschamp, lokacin da maganaɗisun ya yi rauni ya goce na ɗan lokaci shekara 41,000 baya. Abin da ya fi haka tsufa sai a nemi tokar aman wuta a tsakanin lakar, don ita ana iya auna shekarunta. Haka aka yi a Chiba ta Japan, inda juyin ƙarshen ya fito fes, har a 2020 aka raɗa wa zamanin da ya fara daga wannan juyin suna Chibanian.

Kuma kar ka yarda da rami ɗaya. Tsutsotsi suna dama saman lakar, ƙwayoyin ma ba sa kullewa sai an binne su da ɗan zurfi, shi ya sa alamar takan fito ƙasa kaɗan da inda ya kamata. Haƙa na biyu a gefe, ka gwada da na wani tekun, in sun yi daidai sannan ka rubuta.