Yadda ake ceto tsiron tulu mai cin ƙwari idan ya kamu da cuta a ɗaki

Yawancin waɗanda na ga Nepenthes ya mutu a hannunsu, wato tsiron nan mai rataya tuluna a bakin ganye yana kama ƙwari, kulawa ce ta yi musu yawa. Ganye ya fara rawaya, sai su ƙara ruwa. Tulu ya bushe, sai su jefa masa nama. Daina duka biyun tukuna.

Fara da raba shi da sauran tsirranka, ka duba bayan ganye da inda ganye ya haɗu da kara. In ka ga fararen ƙwari kamar auduga, ko masu ɓawo da suka manne, goge su da auduga da sifirit, ka maimaita duk mako har su ƙare. Kada ka fesa ruwan sabulu, in ya gangara cikin tukunya saiwa ce za ta sha wuya. Baƙin da ke kama da kunkunniya fumfuna ce da ke cin zaƙin da tsiron ke fitarwa, jiƙaƙƙen tsumma ya ishe ta. Ganyen da jajayen ɗigo kamar tsatsa suka cinye kuwa, yanke shi ka yar, ka bar iska ta riƙa ratsa wurin.

Sai saiwa, kuma a nan na yi asarar tsirona na farko. Na zazzage tukunya, na ga saiwoyi baƙi wuluk, sirara kamar zare, na ce ai sun ruɓe, na sa almakashi na datse su kaf. Ashe haka saiwar Nepenthes take ko da lafiyarsa ƙalau: baƙa, siririya, ba ta da yawa, ga saurin karyewa. Don haka kada launi ya ruɗe ka. Ka shinshina, ka taɓa. Ruɓaɓɓiyar saiwa tana wari, tana dagwalgwalewa a yatsa. Ka kuma matsa gindin karan. In da tauri, akwai rai. Cire abin da ya narke kaɗai, tsohuwar ƙasar kuma a cikin kwanon ruwa za ka kaɗe ta a hankali, ba da yatsa ba.

In gindin ya yi laushi har ya koma ruwan ƙasa, kada ka ɓata lokaci a kansa. Sa sabuwar reza ka yanko saman karan inda yake kore, mai gaɓa 2 ko 3, ka rage kowane ganye rabi, ka soka shi a jiƙaƙƙiyar gansakuka, ka rufe da farar leda. Yakan ɗauki wata 1 zuwa 2, wani lokaci fiye, kafin ya yi saiwa. Kada ka riƙa zaro shi kana leƙawa.

Ƙasar dashe: gansakukar sifagnum rabi, farar tsakuwar nan mara nauyi da ake kira falayit rabi, a tukunyar roba mai huji. Babu taki ko kaɗan. Sifagnum ɗin da tsada, amma ƙasar fulawa da aka gauraya da taki ƙone saiwar take yi, ka ga arha ba ta yi rana ba.

Ruwan sama nake ba nawa, shi ya fi kuma kyauta ne. In babu, sai tataccen ruwa mara gishiri, wato wanda aka cire wa ma'adinan da ke narke a cikinsa. Ƙasar ta kasance da danshi kullum, amma kada tukunyar ta kwana cikin faranti mai ruwa.

Ajiye shi jikin tagar da ke samun ranar safe. Rashin haske da bushewar iska su ke hana sabon tulu fitowa, danshin iska ya kai kashi 60 cikin 100 in da hali. Tsofaffin tuluna za su bushe bayan dashe, ba cuta ba ce. Kada ka ba shi ƙwaro sai sabon tulu ya buɗe da kansa.