Lambar rijista da fom: inda masu gina manhaja suka fi tuntuɓe

Kuskuren da na fi gani a manhajojin da matasanmu na Maraɗi ke rubuta wa ƴan kasuwa shi ne haɗa lambar rijista, wato lambar da ke bambanta kowane bayani da aka ajiye, da hannu. Mutum ya tambayi rumbun bayanai lamba mafi girma da MAX(id), ya ƙara 1, ya ajiye. Muddin shi kaɗai ke gwaji a kwamfutarsa, lafiya lau. To a ce shagon hatsi ne a babbar kasuwa, yaran shago biyu na shigar da rasit a lokaci guda. Wannan ya karanto 540, wancan ma 540, kowa ya rubuta 541. In ba a sa PRIMARY KEY ba, wato ƙa'idar rumbun da ke hana maimaita lambar rijista, buhunan geron mutum biyu sun hau lamba ɗaya ke nan, kuma ba wanda zai lura sai ranar biyan bashi.

Bar wa rumbun aikinsa. Rumbun MySQL na da AUTO_INCREMENT, na PostgreSQL na da IDENTITY, masu ba da lamba ta gaba da kansu, kuma an gina su ne don irin wannan karo. In kana son lambar da aka bayar, karɓe ta da lastInsertId() ko RETURNING id, kada ka koma neman mafi girma. Za ka ga giɓi wani lokaci, daga 541 a tsallaka zuwa 543, saboda wani aiki ya soke. Ba ɓarna ba ce. In Alhaji ya nace rasit ɗinsa su bi juna, ware musu gurbi daban.

Lambar waya kuma ba ta zama lambar rijista. Ana sauya layi, kuma gida guda kan yi amfani da waya ɗaya.

Inda rezo ke yankewa, ana shigar da bayanai a waya a tura daga baya, UUID ya fi dacewa, wato doguwar lambar da da wuya ta yi karo da wata: bit 128 ne, kowace na'ura na iya haɗa nata ba tare da ta tambayi saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ba. Ni na fi son sigar 7, wadda kundin ƙa'ida na RFC 9562 ya tsara a 2024, don tana farawa da lokaci, shi ya sa jerin ba ya warwatsewa kamar na sigar 4.

Sai fom. Rezo ya yi nauyi, mai saye ya danna "Aika", shiru, ya sake dannawa. An rubuta ciniki sau biyu. Kashe maɓallin da JavaScript na taimakawa, amma bai isa ba. Sa wa kowane fom lambar sirri ta amfani sau ɗaya, ka ɗora mata UNIQUE a rumbun don kada ta shiga sau biyu, na biyu in ya iso a ƙi shi. Bayan an karɓi POST kuma, wato saƙon da fom ya aiko, tura mutum wani shafi da 303, lambar da ke umartar burauza ta koma wani adireshi, don in ya sabunta shafin kada burauza ta sake aikawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yarda da duk abin da fom ya kawo. Farashin da ka ɓoye a hidden, gurbin fom da ba ya bayyana a shafi, kowa na iya buɗe shafin ya sauya shi, don haka saba ta lissafa da kanta. Kada ka goge bayani da GET, wato buƙatar da buɗe adireshi kawai ke aikawa, mahaɗi kawai ya isa ya share rijista. Wanda kuma ya ga /rasit/541 a adireshi zai gwada 542, saboda haka duk buƙatar da ta iso, a duba ko rasit ɗin na mai neman ne kafin a nuna masa.