Kurakuran da Masu Koyon Kurosiwad ɗin Ingila Suka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Wanda ya tashi a gidan da ake kacici-kacici bayan sallar isha ya san yadda ake yi. A ce maka "Baba na ɗaka, gemu na waje", ka rufe ido ka hango hoton, ka ce wuta da hayaƙi. In ta gagare ka, ka ba da gari. Da wannan sabo na tunkari wasan cike gurbi na jaridun Ingila, wato kurosiwad, kuma wannan sabon ne ya fi ɓata mini lokaci, domin can ba hoto ake hangowa ba, haruffa ake ƙirgawa.

Wasan allo ne mai gidaje 15 a kwance, 15 a tsaye, wasu farare wasu baƙaƙe, ana cike fararen da kalmomi. A Amurka aka fara shi, jaridar New York World ta buga na farko a 1913. Da ya ƙetara Ingila sai aka mayar da shi wani abu daban da ake kira kiriftik, wato mai ɓoyayyiyar ma'ana. The Times ta fara nata a 1930, kuma har yau ita da The Guardian da The Daily Telegraph ba sa fashin sa. Kowace kalma tana da jimlar da ke nuni gare ta, wadda zan kira manuniya, da lamba a ƙarshe mai faɗin adadin haruffan amsa. Yawancin misalan da ke ƙasa ni na ɗana su don bayani, kuma dole su zo da Turanci tunda da haruffan Turanci ake wasan.

Babban kuskure, uban sauran, shi ne yarda da abin da jimlar ke faɗi a zahiri. Dubi wannan:

Rule Niger differently (5)

Mai karatu zai ga ana cewa a mulki Nijar ta wata hanya daban, nan take hankalinsa ya tafi Yamai, ya fara tunanin siyasa da sunayen shugabanni. Babu ko ɗaya a ciki. Manuniya gida biyu ce aka ɗinke ta yadda ba a ganin ɗinkin. Gida ɗaya ma'anar amsa ce kai tsaye, kamar yadda ƙamus zai bayar. Ɗayan kuma umarni ne na yadda za a gina amsar harafi bayan harafi. A nan "rule" ita ce ma'ana. "Differently" tana cewa a hautsina haruffan kalmar da ke kusa da ita. Ka hautsina N, I, G, E, R, sai ka sami REIGN, wato yin sarauta. Ba a ambaci Nijar don komai ba sai don haruffanta biyar.

Maganin wannan kuskure shi ne ka hana kanka fassara jimlar zuwa Hausa a zuci. Da zarar ka fassara, haruffan sun tafi, ma'ana ce kawai ta rage, alhali haruffan ne kayan aikin. Ka ɗauki jimlar kamar buhun da aka zuba kaya iri biyu, aikinka na farko shi ne gano inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Kuma akwai sauƙi guda: ma'anar kusan kullum tana farko ne ko ƙarshe, da wuya ka same ta a tsakiya. Saboda haka ka gwada kalmar farko a matsayin ma'ana, in ba ta ci ba ka juya ka gwada ta ƙarshe. Waƙafi da aya da babban baƙi duk kada su ɗauke maka hankali, sau da yawa an sa su ne don su ɓoye wurin ɗinkin. Alamar tambaya ce kawai ta cancanci a kula da ita, don tana nuna mai ɗanawa ya ɗan karkata ma'anar.

Sai raina lambar da ke ƙarshe. Mutane da yawa suna karanta ta ne bayan sun gama tunani, alhali da ita ya kamata a fara.

Mali rebuilt capital (4)

Zuciya za ta ce Bamako. Ƙirga: haruffa shida, ana neman huɗu. To wace kalma ce a jimlar take da haruffa huɗu, kuma tana maƙwabtaka da kalmar da ke nufin rushewa da sake gini? Mali. Sake gina ta, ka sami LIMA, babban birnin Peru. Duk lokacin da ka ga kalma mai nufin karyewa, ruɗewa, maye, dafuwa, rawa ko gyara, ka ƙirga haruffan maƙwabtanta. In sun yi daidai da lambar, ka kama bakin zaren. Ni nakan rubuta haruffan a da'ira a gefen takarda, wasula a tsakiya, domin muddin suna jere yadda suka zo ido ba ya yarda ya ga wata kalma a cikinsu.

Akwai kuma wahalar da kai a kan abin da ke gabanka a fili. Kusan kowane allo yana da aƙalla amsa ɗaya da aka ɓoye cikin jimlar kanta:

City seen in dark anorak (4)

Ɗauki harafin ƙarshe na "dark" da uku na farkon "anorak", ga KANO nan zaune. Ƙananan kalmomi irin su "in" da "some" da "part of" su ne ke nuna haka, kuma saboda ƙanƙantarsu ido ke tsallake su. In jimla ta zo da wasu kalmomi da ba su dace da juna ba, kamar an tilasta musu zama tare, bi ta da yatsa harafi-harafi kafin ka yi wani dogon tunani.

Inda na fi so a daɗe shi ne batun gajerun alamomi, domin a nan ne wanda bai tashi a Ingila ba yake ganin kamar an rufe masa ƙofa. Masu ɗana wasan suna buƙatar harafi ɗaya ko biyu don cike gini, sai suka tara wata taska ta kalmomin da kowacce ke wakiltar harafi. Mai koyo yakan ɗauka rashin kaifin basira ne ya hana shi ganewa, alhali abu ne na hadda kawai, kamar yadda yaro ke haddace jadawalin sau. "Learner" L ce, irin jan harafin nan da ake mannawa a motar mai koyon tuƙi, wannan mun san shi. "Love" O ce, domin a wasan tanis haka ake kiran sifili. "Duck" ma O ce, daga wasan kurket, inda ake faɗin haka ga wanda ya fita bai ci ko ɗaya ba. Kurket ɗin nan ya cika wasan: "run" R, "caught" C, "maiden" M. "King" na iya zama K ko R, "queen" kuma sau da yawa ER, haruffan Sarauniya Elizabeth da ta yi mulki daga 1952 zuwa 2022, waɗanda ke jikin akwatunan wasiƙa na ƙasar. "Sailor" AB ne ko TAR. "The French" LE ko LA, wanda ya yi boko a Nijar ba sai an gaya masa ba. "Hundred" C, "fifty" L, daga lambobin Romawa. Ga yadda suke haɗuwa:

Quiet worker to breathe heavily (4)

A rubutun kiɗan Turawa P ce alamar a sassauta sauti, don haka "quiet" P ce. "Worker" kuwa tururuwa ake nufi, ANT, saboda aikinta. Haɗa su, PANT, wato haki. Ba wanda aka haifa da sanin wannan, har Turawan. Ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowace alama ranar da ka fara cin karo da ita. Ba su da yawan da ake tsoro, kuma su ɗin ne dai ke ta dawowa.

Kusa da wannan akwai kalmomin da ake karanta su ta wata fuska. Tsohon misali da kowa ya sani a wannan fage shi ne "flower". Kowa zai ce fure, amma mai ɗanawa na nufin abin da ke gudana (daga "flow", gudana), wato kogi. "African flower" mai haruffa biyar NIGER ne, mai huɗu NILE. Haka "number", maimakon lamba, kan zama abin da ke kashe zafi (daga "numb", kashe ji), irin allurar da ake yi kafin tiyata. Wanda ya iya zaurance ya san daɗin irin wannan, kalma ɗaya a ji ta wata hanya a nufi wata.

Manuniyar amo tana da tarko na musamman gare mu. In ka ga "we hear" ko "reportedly" ko "on the radio", ana nufin kalmar da ake furtawa daidai da wata amma rubutunsu ya bambanta, kamar NIGHT da KNIGHT. Matsalar ita ce da lafazin kudancin Ingila ake aunawa, inda ba a furta R a ƙarshen gaɓa. A bakinsu "court" da "caught" abu ɗaya ne, "sore" da "saw" ma haka. In ka furta da irin Turancinmu ba za ka ji kamar ba, har ka yi watsi da amsa sahihiya. Ba mu kaɗai ba ne, mutanen Sukotland ma suna furta R ɗinsu kuma suna ƙorafi a kan haka. In amo ya ƙi daidaita, gwada shi da muryar mai karanta labarai a Landan.

Wani kuskuren kuma shi ne rashin lura da ko kalmar ta kwance ce ko ta tsaye. A ta kwance, juya kalma baya ana nuna shi da "back" ko "returns". A ta tsaye kuwa ana iya cewa "up" ko "rising", tunda daga ƙasa za a karanto zuwa sama.

Animal returns for marsh plant (4)

DEER, barewa, in ta juyo ta zama REED, irin ciyawar fadama. Amma wacce za a rubuta a allo? Kalmar juyawa tana manne da dabbar, don haka dabbar ce aka juya, ciyawar ce amsa. Na taɓa rubuta irin wannan a juye, da biro, don ina da tabbaci a raina. Kwana biyu kusurwar allon nan ta ƙi ci, ina ta zargin sauran manuniyoyin, ashe harafin farko da na dasa ne ya toshe komai. Kusan rabin haruffan kowace amsa suna ratsa wata kalmar, saboda haka kuskure ɗaya yakan kashe uku ko huɗu. Tun ranar na koma fensir.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin ya raba mai cike gurbi da mai warwarewa na gaskiya: rubuta amsa don kawai ta dace da ma'ana kuma ta shiga gidajen. Ba ka gama da manuniya ba sai ka iya faɗin aikin kowace kalma a cikinta. Wannan ba tsanani ba ne na ra'ayina, ƙa'idar wasan ce. Wani mai ɗanawa, A. F. Ritchie, wanda ke sa hannu da sunan Afrit, ifiritun nan da muka sani, ya kafa ta a 1949: ba dole ne ya nufi abin da ya faɗa ba, amma dole ya faɗi abin da yake nufi. D. S. Macnutt, da aka sani da Ximenes a jaridar The Observer, ya tsaurara ta, magajinsa Jonathan Crowther da ya karɓa a 1972 da sunan Azed ya taƙaita ta da cewa manuniya mai kyau abu uku ce: ma'ana daidai, ginin haruffa na adalci, sai kuma babu komai bayan su. To in amsarka ta bar wata kalma ba ta da aiki, ka yi shakkar amsar. Haka nan nahawu: in ma'anar jam'i ce amsar jam'i ce, in aikin da ya wuce ne amsar ma haka. Wanda ke yi wa wani bayanin manuniya shi ma ya bi wannan tsari, ya fara nuna ma'anar, sannan kalmar da ke ba da umarni, sannan haruffan da aka yi aiki da su. Faɗin amsa kawai ba ya koya wa kowa komai.

Da yawa kuma suna karaya ne don sun fara da wanda ya fi ƙarfinsu. Allon Azed da ƙamus ɗin Chambers a gefe ake yin sa, ba na mai koyo ba ne. The Times tana da ƙarami mai sauƙi, allon 13 da 13, tun 2014. The Guardian tana da Quiptic a intanet don masu farawa, akwai kuma Everyman na jaridar The Observer a ranar Lahadi. Tunda The Guardian tana sa sunan mai ɗanawa, ka zaɓi mutum ɗaya ka bi shi na 'yan makonni har ka san halinsa, don kowannensu da irin tarkon da ya fi so. Marigayi John Graham, wato Araucaria, wanda ya rasu a 2013, yakan sassauta ƙa'idojin Ximenes, masoyansa kuma don haka suke son sa, amma mai koyo zai fi samun natsuwa wurin masu bin ƙa'ida sau da ƙafa.

Kada kuma ka nace sai ka bi lamba ɗaya, biyu, uku a jere. Zagaya allon duka tukuna, ka tsinci masu hautsina haruffa da ɓoyayyun kalmomi, su ne ke ba da haruffan da za su buɗe sauran. Manuniya mai kalma biyu kacal, kamar "Carry animal (4)", galibi ma'ana biyu ce ta kalma ɗaya, BEAR a nan. Waɗanda suka gagara, ka ajiye takardar. Amsoshin na kullum suna fitowa a bugu na gaba, sai ka ɗauki kowace amsa da ta kufce maka ka bi ta da baya zuwa manuniyarta, ka ja layi ƙarƙashin ma'anar, ka zagaye kalmar umarni, sabuwar alamar da ka gano kuma ka shigar da ita littafinka kafin ka buɗe allon ranar.