Yadda ake tara tsofaffin bajon wasan besbol da gane na asali

A Amurka, tun kafin shekarar 1900 kamfanonin cingam, daga baya kuma na taba sigari da gidajen burodi, suka fara raba ƙananan bajo masu hoton 'yan wasan besbol don jawo masu saye. Girman yawancinsu bai wuce kwabo ba, kuma ƙirarsu ɗaya ce da bajon da 'yan siyasarmu suke maƙalawa a ƙirji lokacin zaɓe. Yau ana sayar da su a gwanjo da kuɗi masu kauri, shi ya sa jabu ya yi yawa. Wanda zai shiga wannan harka ya riƙe abu ɗaya tun farko: hoton gaba kowa zai iya kwafarsa, bayan bajo da gefensa su ne suke da wuyar kwaikwayo.

Mataki na farko: zaɓi layin da za ka bi

Kada ka ce komai za ka tara. Akwai bajon da aka sa cikin kayan sayarwa, kamar na cingam ɗin Cameo Pepsin na ƙarshen shekarun 1890, da na sigarin Sweet Caporal na 1910 zuwa 1912, da na cingam ɗin Orbit na farkon shekarun 1930, da guda 60 da kamfanin Topps ya fitar a 1956. Akwai na 'yan talla da ake sayarwa a ƙofar filin wasa daga shekarun 1940 zuwa 1960, waɗanda masu tarawa suke kira PM10. Sai kuma na 'yan jarida, da ƙungiyoyi suke bayarwa a gasar ƙarshe ta World Series, wanda ƙungiyar Philadelphia Athletics ta fara a 1911.

A ganina sabon shiga ya fara da Sweet Caporal, wanda ake wa laƙabi da P2. An buga su da yawa, na 'yan wasan da ba su yi suna ba suna da sauƙin kuɗi, kuma a jikinsu za ka koyi duk abin da ake dubawa. Na fitattun 'yan wasa irin su Ty Cobb da Christy Mathewson da Walter Johnson su jira sai idonka ya buɗe.

Mataki na biyu: gane yadda aka ƙera shi

A nan ne ya kamata ka daɗe. Ƙira iri uku ce. Ta farko ita ce ta seluloid (wani tsohon nau'in roba), wadda kamfanin Whitehead & Hoag na birnin Newark ya yi wa rajista a 1896. Ana buga hoto a takarda, a rufe ta da siririn seluloid mai garai-garai, a naɗe su a kan faifan ƙarfe, sannan a danna zoben ƙarfe ta baya ya riƙe su. Idan ka juya bajon za ka ga zoben, ka ga bakin seluloid ɗin ya shige ƙarƙashinsa, fil ɗin kuma waya ce da aka lanƙwasa ta zauna cikin ramin. Cameo Pepsin da Sweet Caporal da PM10 duk haka suke.

Ta biyu ita ce wadda aka buga hoton kai tsaye a kan kwano, babu takarda babu rufi. Gefenta lanƙwasawa kawai aka yi, babu zobe, kuma fentinta yana karcewa da wuri. Na Orbit da na Topps irin wannan ne. Saboda haka idan aka nuna maka na Topps na 1956 da rufin roba a fuskarsa, ba sai ka ƙara duba komai ba.

Ta uku ita ce ta 'yan jarida: ƙarfe ne mai nauyi da aka zuba wa launi mai sheƙi, yawancin tsofaffin da ƙusa mai zare da noti a baya, kuma sau da yawa da sunan maƙerin a dandaƙe, kamar Dieges & Clust ko Balfour. Akwai waɗanda ƙungiya ta sa aka ƙera tana sa ran kaiwa wasan ƙarshe amma ba ta kai ba. Waɗannan ba jabu ba ne, suna da masu nemansu, sai dai ba a taɓa raba su a wurin wasa ba.

Mataki na uku: auna, ka karanta baya

Ka tanadi rula mai milimita. Sweet Caporal inci 7/8 ne, wato kusan milimita 22. Na Topps inci 1 da 1/8. PM10 da aka fi sani inci 1 da 3/4. Masu jabu suna amfani da injin zamani, wani lokaci girman faifansu ba ya dacewa da na da.

Cikin ramin bayan Sweet Caporal akwai 'yar takarda mai tallar sigarin da lambar masana'anta. Wasu takardar ta faɗi, wannan yana rage kuɗi amma ba ya mayar da bajo jabu. Ka duba gefe ma, don wasu maƙera a nan suke buga sunansu da ƙananan haruffa ko tambarin ƙungiyar ma'aikatan ɗab'i. Haka kuma sunan ɗan wasa a Sweet Caporal yana zuwa da ƙananan haruffa ko manya, kuma masu tarawa suna ƙirga su daban.

Mataki na huɗu: gwada hoton da tarihi

Hular ɗan wasa tana taimakawa wajen sanin shekara. 'Yan ƙungiyar Braves sun bar Boston zuwa Milwaukee a 1953. Ƙungiyoyin Dodgers da Giants sun bar New York zuwa Kalifoniya a 1958. Bajon Willie Mays na Giants da SF (San Francisco) a hula ba zai zama na kafin 1958 ba, duk abin da mai sayarwa zai faɗa. Amma kada ka juya hujjar: 'yan talla sun yi shekaru suna maimaita tsohon hoto, don haka hula mai NY (New York) ba ta tabbatar da cewa bajon ya riga ƙaurar.

Mataki na biyar: madubi da fitila

Sa madubi mai ƙara girma sau goma a kan rubutun. A tsohon bugu bakin haruffa yana fita tsaf. Wanda aka kwafo da firinta za ka ga haruffan sun rarrabe zuwa ɗige-ɗige masu launi. Sannan ka haska fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita cikin duhu. Daga wajen shekarun 1950 aka fara sa sinadarin ƙara fari a takarda, wanda yake ƙyalli shuɗi a wannan haske. Bajon da aka ce na 1910 ne bai kamata takardarsa ta yi ƙyalli ba. Rashin ƙyalli shi kaɗai ba shaida ba ne, domin ana iya samun tsohuwar takarda a buga sabon abu. Ka fi tsananta bincike a kan Babe Ruth da Mickey Mantle da Jackie Robinson, su aka fi kwafa. Idan kuɗin ya yi nauyi, nemi wanda kamfanin tantancewa irin PSA ya duba ya rufe cikin gidansa.

Mataki na shida: ajiya

Babban abokin gābar seluloid danshi ne. Ƙarfen ciki yana tsatsa, tsatsar ta ratso takarda ta fito a fuskar ɗan wasa da tabo ruwan ƙasa, kuma babu abin da yake cire shi. Kada ka wanke, kada ka sa man goge ƙarfe. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Seluloid yana tsagewa da zafi, yana kuma kama wuta da sauri, saboda haka nesa da taga da murhu. Kada ka toshe shi cikin leda inda iska ba ta shiga. Akwati marar zurfi mai murfin gilashi da shimfiɗar auduga ya fi, kowane bajo da wurinsa don fil ɗin wani kada ya karci fuskar wani. Da damina ka sa ƙunshin sinadarin tsotse danshi a ciki, ka riƙa buɗe akwatin lokaci-lokaci. Wanda ka ga ya fara tsagewa ko yana wari, ware shi daga sauran nan take, domin iskar da yake fitarwa tana lalata na kusa da shi.