Yadda Ake Kawar da Wari Daga Takalmin da Ya Jiƙe Sharkaf

Warin da takalmi ke yi bayan ya sha ruwa, ƙwayoyin cuta ne da fumfuna ke jawo shi. Da sun samu danshi da ɗumi sai su hayayyafa, suna cin gumi da dattin ƙafa da suka taru a ciki. Shi ya sa fesa turare a jiƙaƙƙen takalmi ɓata turare ne kawai, warin zai dawo har ya fi na da.

Da ka shigo gida, kada ka wurga shi lungu ka ce sai gobe. Kwance igiyar, ka zaro shimfiɗar ciki, ka wanke su da sabulu, ka shanya su daban. Shimfiɗar nan ita ta fi riƙe wari. Idan taɓo ko ruwan kwata ka taka, ɗauraye takalmin kansa da ruwa mai tsabta.

Sai busarwa, kuma a nan yawancin mutane ke gaggawa. Duƙunƙune tsofaffin jaridu ka cusa su har can wajen yatsu, inda ruwa ke maƙalewa. Bayan awa 2 ko 3 ka cire su, ka sa busassu, ka yi ta yin haka har takardar ta daina fitowa da laima. Ajiye takalmin a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko gaban fanka, bakinsa a buɗe. Kada ka kara shi da wuta: zafi na sa fata ta tsattsage, gam ɗin tafin kuma ya saki. Takalmi mai kauri yakan kai kwana 2. Zura hannu ka taɓa ƙurya. Muddin ka ji sanyi-sanyi, da saura.

Idan ya bushe amma da ɗan wari, haɗa farin khal (ruwan tsamin da ake kira vinegar) da ruwa daidai wa daida, ka jiƙa tsumma ka goge cikin, ka bar shi ya sha iska. Tsamin khal ɗin zai tafi da kansa.

Daga nan ka barbaɗa bekin soda kamar cokali 2 a kowace ƙafa, ya kwana, da safe ka kakkaɓe. In na fata ne, ƙulle hodar a cikin tsohuwar safa ka tura, don tana busar da fata. Gawayi ma na tsotse wari in aka ƙulle shi haka.

Warin da ya ƙi tafiya bayan duk wannan, yawanci a shimfiɗar ciki yake. Sauya ta da sabuwa, ka kuma riƙa sa takalmin da busasshiyar safa.